Shara Ba Ta Kwana a Gidan Malam Inuwa

Duk wanda ya taɓa zama a Rafin Guza ya san Malam Inuwa mai tarakta. Ko bai san fuskarsa ba, ya san ƙarar motarsa. Da gari ya waye za a ji ta yi tari sau biyu, ta kama, sannan ta fito daga lungu tana rangaji, ja zur, tana sheƙi kamar jiya aka ƙera ta, alhali ta girmi babban ɗansa. A samanta wani dattijo ne siriri mai farin gemu da farar hula, ya miƙe baya, ya yamutsa fuska. Baƙo sai ya ɗauka ciwon haƙori ke damunsa. Ba haƙori ba ne, kwatar lungun yake kallo.

Ƙyanƙyami gare shi, irin wanda ba a koya, sai dai a haifi mutum da shi. Ba ya cin abinci a rumfar da ya ga ƙuda uku. In ya gaisa da mai gumin hannu, zai jira mutumin ya juya baya, sannan ya laluba butarsa. Mahaifinsa, marigayi Malam Ya'u, mai wanki da guga ne, ya shekara arba'in yana wanke manyan rigunan ma'aikatan Unguwar Rimi, kuma a gidansa duk wanda ya taɓa shanya da hannun miya ya san abin da zai biyo baya. Inuwa ya tashi cikin ƙamshin sabulu da sitaci. Tsohon ya so ya gaje shi, amma tun ranar da Inuwa ya ga tarakta tana kifar da ƙasa a wata gona kusa da Rigacikun, dutsen guga ya fita daga ransa.

Ya shiga aiki a sashen hayar tarakta na gwamnati, ya fara daga wankin taya har ya kai ga sitiyari, ya yi shekara talatin da biyu. Abokan aiki sun sha yi masa tsiya, wai sana'ar laka da baƙin mai, amma mutum ya zo da soso da sabulu da rigar canji a jaka. Da ya ajiye aiki, aka yi gwanjon tsofaffin motocin da suka daɗe a zaune har ciyawa ta fito ta cikinsu, sai ya kwashi ɗan abin da aka sallame shi da shi ya sayi wadda ya fi daɗewa yana tuƙawa. Kowa ya ce ya sayi gawa. Matarsa Ramatu ta yi kwana uku ba ta kula shi ba. Wata bakwai ya yi yana kwance ta yana ɗaurawa a ƙofar gida, da kansa ya yi mata fenti, kuma ranar da ta tashi, sai da ya juya wa mutane baya ya share ido. Ragowar jan fentin nan bai zubar ba. Da shi yake rubuta sunansa a jikin duk abin da ya mallaka, jarkar gas, akwatin sifana, har buhunan iri, don kada kayansa su cakuɗe da na ƙazamai a gona.

Tarakta guda ce, amma ita ke ciyar da gidan duka shekara. Da damina ta faɗi yana gonakin hanyar Zariya, haro da huɗa. In ciyawa ta tashi sai ya sauke garma ya ɗaura injin yanka a bayanta, wanda makanikai ke kira silasha, wani faffaɗan ƙarfe ne mai wuƙaƙe biyu a ƙasa da ke juyawa da ƙarfin injin. Da shi yake share filayen makarantu da na ƙwallo da harabar manyan gidajen Unguwar Rimi, inda ubansa ya yi wanki. Da kaka kuwa tirela yake ja, masara da dawa da kara. Abu ɗaya ne tirelarsa ba ta taɓa ɗauka ba, wato taki. Ko na kaji, ko na shanu, balle na bola. An roƙe shi, an haɗa shi da Allah, ya ce a nemi tifa.

Takin bolar nan shi ne abin da ya fi ɓata masa rai a sana'ar. Tun da takin zamani ya fi ƙarfin talaka, manoma suka koma sayen sharar gari tifa-tifa suna jibgewa a gona. Da can ba laifi, shara toka ce da kashin awaki da ɓawon doya, ƙasa na cinye ta kafin shuka ta kai gwiwa. Ta yanzu kuwa leda ce, da gashin kanti, da sirinjin asibiti, da famfas ɗin jarirai wanda ko shekara goma ya yi a ƙasa yana nan da abin da ke cikinsa. Faifan garma ya naɗo su, sai ya tsaya ya sauko yana zaƙule su da sanda, yana kau da kai, yana tofar da yawu. Mai gona na tsaye yana murna wai ƙasarsa ta yi baƙi. Malam Inuwa kan dube shi ya ce, "A nan za ka shuka abin da za ka ci?" Mai gona sai ya yi dariya.

Saboda haka ya kafa wa kansa doka a wajen yankan ciyawa. Wuƙarsa ba ta shiga inda ƙafarsa ba ta taka ba. Kafin ya kunna silasha sai ya sa takalmin roba, ya ɗauki doguwar sanda mai ƙusa a baki, ya bi filin layi-layi yana tsince duwatsu da kwalabe da ƙullin leda. Dalilinsa mai sauƙi ne. Ƙazantar da ke ƙulle a leda ana iya ɗauke ta a jefar. In wuƙa ta same ta, ta zama ta filin duka. Masu ba shi aiki kan ƙosa, su ce tarakta suka kira ba mai tsintuwa ba. Ko a jikinsa.

A gida ma doka ɗaya ce tak wadda ba a wasa da ita: shara ba ta kwana. Kullum bayan La'asar Jibrin mai baro, wani magidanci ɗan kakkaura mai yawan fara'a da ke kwashe wa gidajen lungun shara, zai tsaya a ƙofa, Ramatu ta sa a fitar masa, ya tura ya tafi. In Jibrin ya makara, Malam Inuwa ba ya iya cin tuwo. Gidansa ƙal yake, ko tsinke ba ka gani a tsakar gida, kuma yana alfahari da haka, ba ya ma ɓoyewa. Shekarar da wannan abu ya faru, matar ɗansa Abdulmalik ta haifi tagwaye, Hasana da Usaina. Ya yi murna ƙwarai, ya yanka raguna biyu. Amma ba ya karɓar ko ɗaya a hannu sai Ramatu ta duba ta tabbatar masa yanzu aka canza musu.

A bayan unguwar akwai filin Idi, ba babba ba, an kewaye shi da katanga ta gabas, wani siririn lungu ya bi ta bayan katangar. Sau biyu a shekara ake tunawa da filin. Shekara goma sha ɗaya Malam Inuwa na yanke ciyawarsa kafin kowace Sallah, ba ya karɓar ko kuɗin gas, ya ce ladan na mahaifinsa ne. A wurinsa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohon ya yi rayuwarsa yana wanke rigunan da mutane ke zuwa Idi da su, shi kuma yana share ƙasar da za su ɗora goshi. Kowace shekara yakan ware kwana guda cur na tsintuwa kawai, ya cika buhuna da baƙaƙen ledojin da ake cillowa ta kan katanga, yana tsinta yana zagi. Wace irin zuciya ce ke sa mutum ya ƙulle ƙazantar gidansa ya jefa inda liman ke tsayawa? Ya sha faɗa a majalisa cewa in ya kama mai yi, sai ya sa shi ya kwashe da baki.

A shekarar, Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Ruwa ya makara, da ya zo kuma ya zo gaba ɗaya, manoma suka yi masa caa, kowa na son huɗa a mako guda. Ya canza wa motar baƙin mai da filta a gurguje, ya naɗe tsohuwar filtar a leda ya jefa kwandon shara, ya tafi. Ya yi niyyar dawowa saura kwana biyar Sallah. Sai tarakta ta kafe a wata fadama, aka yi kwana biyu ana haƙa ana cusa itace kafin ta fito. Bai shigo gari ba sai ana jibi Sallah, bayan La'asar, jikinsa duk ciwo.

A bakin filin ya tarar da Alhaji Sharhabil, shugaban kwamitin masallaci, ɗan kasuwa mai wayoyi biyu da ba sa hutawa. Ciyawa ta kai ƙugu, wani wurin ta kai ƙirji. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa.

"Malam Inuwa, ka so ka kashe mu da ranmu," in ji Alhaji Sharhabil. "Jama'a sai waya suke yi mini. Don Allah hau ka yanke kafin ruwan nan ya sauko."

"Alhaji, ban taka filin ba."

"Wane irin taku kuma? In ruwan nan ya zuba, gobe motarka ba za ta shiga ba, ka fi ni sani. Sai mu yi Idi a cikin daji kenan. Filin da kai ke share shi shekara da shekaru, me ke ciki da ba ka sani ba?"

Gaskiya Alhaji ya faɗa game da ruwan, kuma Malam Inuwa ya san haka. Ya dubi hadarin, ya dubi sandarsa da ke ɗaure a gefen kujera. Gwiwoyinsa na zafi. Ya ce a ransa, yau ɗaya dai. Ya hau, ya sauke silasha, ya fara daga gindin katanga, wajen tsayuwar liman da sahun farko.

Iska daga gabansa take busowa, injin kuma a baya yake, shi ya sa bai ji komai ba a layin farko. Ya ji dai wuƙa ta bugi wani ƙarfe ta yi ƙara, ya ja tsaki ya wuce. Ya kuma ji wasu sautuka masu laushi, fus, fus, ya ɗauka jiƙaƙƙiyar ciyawa ce. Idonsa na kan hadari. Sai da ya juyo a layi na uku, iska ta sauya ta koma bayansa, sannan abin ya same shi. Wari ne ya fara zuwa, irin wanda ke shiga ta hanci ya zauna a maƙogwaro. Sai wani abu mai sanyi ya faɗo masa a ƙeya, wani a kunne, wani a gemu. Ya kai hannu ya shafo. Wani farin abu ne mai yauƙi kamar garin kwaki da ya kwana a ruwa, gauraye da rawaya. Ya san ko mene ne, ya sha zaƙulo shi a garma.

Ya kashe injin, ya diro, ya durƙusa a gindin taya ya yi amai. Da ya ɗago ya dubi inda ya yanke, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba a shekarunsa na aiki. Ba ledoji biyar ko goma ba ne, tarin buhuna ne aka yi ta jefowa a gindin katangar tun ƙaramar Sallah, ciyawa ta rufe su. Wuƙarsa ta bi ta kansu sau uku, ta niƙe su, ta watsa. Famfas, ruɓaɓɓen tuwo, hanjin kaza, tsumman da ba a faɗar sunansa, duk sun zama gutsi-gutsi sun manne a ciyawa da katanga, tun daga wajen liman har sahu na shida ko na bakwai. Jan fentin motarsa ma ya koma wani launi. Ya tsani mutanen da suka zubar, ya tsani Alhaji Sharhabil, ya tsani hannunsa da ya sauke silashar.

Alhaji Sharhabil ya matso, ya toshe hanci da hannun riga, ya yi ƙasa da murya.

"Kar ka ɗaga hankalinka. Ga ruwa nan zai wanke. Jibi kowa da dardumarsa zai zo. Ka ƙarasa yankan kawai, mu yi shiru, wa zai sani?"

"Masu darduma nawa ne, Alhaji? Ka manta masu shimfiɗa hankici? Ka manta masu sa goshi a kan ciyawa?" Ya tofar da yawu. "Ni na sani. Goshina ma zai sani."

Ruwan ya sauko, bai wanke komai ba, jiƙa abin ya yi ya ƙara masa wari. Malam Inuwa ya koma gida a ƙafa, ya yi wanka sau uku, ya sa aka ƙona hular. Tuwo bai shiga bakinsa ba. Bayan Magariba ya tare liman, Malam Shu'aibu, wani tsoho mai sanyin magana da ke koyar da karatu a zaurensa, ya faɗa masa komai, har da kuskurensa na ƙin taka fili. Ya yi alƙawarin kafin safiyar Sallah zai kankare wurin ya rufe shi da yashi mai tsarki, ko da shi kaɗai ne. Sannan ya nemi abu guda.

"Allah gafarta Malam, ina so ranar Idi ka tsine wa masu wannan aiki a gaban jama'a. A ce amin gaba ɗaya."

"Ba a tsinuwa a Idi, Malam Inuwa."

"To a roƙi Allah ya tona asirinsu."

Liman ya ja carbinsa. "Zan roƙi Allah ya nuna wa mai aikin aikinsa, ya gani da idonsa. Wannan ya ishe ka?"

Bai ishe shi ba, amma ya karɓa.

Washegari ranar Arfa ce, yana azumi. Tun da hantsi yana filin da manjagara da shebur, ya ɗaure hanci da tsumma, ya sa leda biyu-biyu a hannu. Wasu magidanta huɗu suka zo taimako, biyu suka gudu kafin azahar. Kwamiti ya ɗauko Jibrin mai baro don kwashe abin da aka tara. Rana ta fito bayan ruwa, ƙasa na tururi, ƙudaje kore shar sun zo kamar an aika musu goron gayyata. Ciyawar da ke manne da ƙazanta sai an kankare ta har saiwa. Malam Inuwa na aiki yana magana shi kaɗai, dabbobi, marasa tarbiyya, gidajen da ko akuya ba za ta kwana ba. Sau biyu amai ya taso masa, ya danne don kada azuminsa ya tafi.

Wajen azahar manjagararsa ta kamo wani abu mai nauyi a gindin katanga. Rabin buhu ne, wuƙa ta raba shi biyu, sauran rabin na cike da famfas ƙanana, na jarirai sabbin haihuwa. Ya ja shi da ƙyama, sai wani ƙarfe ya gangaro daga ciki ya tsaya a kan takalminsa. Filtar mai ce, wuƙa ta sare ta a gefe. Ya tsaya yana kallonta. Ba ta ƙaramar mota ba ce, ba ta janareta ba ce. A duk Rafin Guza inji ɗaya ne ke shan irin wannan filtar. Ya sa bakin manjagara ya juya buhun. Ga jan fenti nan, ga rubutun hannunsa, an yanke harafin farko, sauran suna nan ɓaro-ɓaro.

Buhunsa ne. Ya ɗaga kai, sai ya ga Jibrin tsaye riƙe da baro, shi ma buhun yake kallo. Fara'ar nan tasa ta ɗauke.

"Jibrin, zo nan." Ya nuna masa buhun. "Ina kake kai sharar gidana?"

Jibrin ya sosa ƙeya. "Baba, ai tun da aka sayar da filin tsohuwar bola aka yi shaguna, shekara shida kenan, ba mu da wajen zubarwa a kusa. Babbar bolar tana can bakin titi, baro ba ya kaiwa can sau goma a wuni. Wasu rafi suke kaiwa. Ni na ga rafi mutane na wanka."

"Sai ka ga filin Idi."

"Na ga kai kana kwashewa duk shekara da mota. Na ce ai ba ta ɓata ba, tana jiran ka." Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba na ɗauka ka sani. Ba ka taɓa tambayata ba."

Malam Inuwa ya buɗe baki, zagin da ya tanada shekara shida yana nan a kan harshensa, amma ya rasa wanda zai ba. Ya tuna baƙaƙen ledojin da yake tsinta da sanda yana kau da kai, yana cewa in ya kama mai su sai ya sa shi ya kwashe da baki. Nawa ne daga ciki suka fito daga tsakar gidansa mai ƙyalli? Ƙyamar da ya ji jiya da abin ya faɗo masa a gemu ba ta kai wadda ya ji yanzu ba, don ta jiya ya wanke ta da sabulu. Ya sunkuya ya ɗauki buhun da hannunsa ya sa a baro.

Sauran wunin bai ƙara zagin kowa ba, har waɗanda suka rage suka fara tambayarsa ko azumi ne ya kama shi. Ya haƙa rami mai zurfi a can ƙarshen filin ta yamma, aka binne abin da aka kankare. Ya taka ragowar filin da sandarsa, layi-layi, da rana ta ɗan busar da ƙasa sannan ya yanke. Ya wanke tarakta, ya ɗaura tirela, ya yi sawu tara zuwa bakin kogi yana ɗebo yashi, ana watsawa tun daga wajen liman har sahu na takwas. Ana kiran Magariba ya zuba shebur na ƙarshe. Ya sha ruwa a tsaye.

A gida ya sami Ramatu tana tsefe wa babbar jikarta kai. Ya tsaya a kanta.

"Wa ya ce a zuba shara a buhunana?"

"Tun da aka haifi 'yan biyun nan leda ba ta isa, Malam. Na ga tsofaffi ne a sito. Wani abu ya faru?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye tsinken tsifa. Ta ce, "Kai ka ce kada ta kwana a nan. Ba ka taɓa cewa ina za ta kwana ba. Ni ma ban tambaya ba."

Safiyar Sallah filin ya cika har lungu. Yashi fari tas, mutane na shafa shi suna cewa bana an yi gyara. Malam Inuwa ya saba tsayawa a sahun farko, dama da liman, amma ran nan ya tsaya can baya cikin masu hankici da kwali. Kafin a tayar da salla Alhaji Sharhabil ya karɓi lasifika, ya gode wa kwamiti, sannan ya ce jama'a su taya shi gode wa Malam Inuwa mai tarakta, mutumin da duk unguwa ta shaida ba a kai shi tsafta ba, wanda ya wuni da azumi yana kwashe ƙazantar wasu marasa tsoron Allah. Mutanen da ke kusa suka juyo suna miƙo masa hannu. Ya karɓa yana kallon ƙasa, kuma a karon farko a rayuwarsa shi ne ya ji kamar ya kamata su nemi buta.

Bayan huɗuba Malam Shu'aibu ya yi addu'o'in da aka saba, na ƙasa da na damina da na mamata. Sannan ya ɗan dakata ya ce, "Wanda ya zubar da ƙazanta a wannan wuri, Allah ka nuna masa aikinsa, ya gani da idonsa." Filin ya ɗauka da amin mai ƙarfi, har daga sahun mata. Malam Inuwa ya shafa fuska. Shi ma ya ce amin, a hankali, don ya san tasa an riga an amsa tun jiya da azahar.

Bayan La'asar an gama fiɗa, tsakar gida ta tara abin da ta saba tarawa ranar layya, kashin tumbi, jini da ya daskare a ƙasa, ƙahoni, ga kuma buhun 'yan biyu. Jibrin ya zo, ya tsaya nesa da ƙofa, bai yi sallama da ƙarfi kamar kullum ba. Ya tarar da tarakta a waje, an ɗaura mata tirelar nan da ba ta taɓa ɗaukar ko kashin kaza ba. Malam Inuwa ya fito cikin kayan aiki, ya ɗaure hanci da tsumma, yana riƙe da bokiti nesa da jikinsa, fuskarsa a yamutse fiye da kullum. Ya juye shi a tirela, ya kau da kai, ya tofar da yawu.

"Juye naka a nan," ya ce wa Jibrin. "Ka bi gidajen lungun nan ka kwaso na kowa. Kullum in na dawo aiki nan za ka same ni."

"Baba, motarka fa za ta yi wari."

"Na sani."

Da tirela ta cika, Jibrin ya ɗora baronsa a sama ya hau gefe. Matan lungu suka leƙo ta ƙofa suna kallon abin da ba su taɓa zaton gani ba. Tarakta ta yi tari sau biyu, ta kama. Malam Inuwa ya juyo ya ce, "To, nuna mini hanyar bolar. Ban san inda take ba."